Akwatin da Dogo Kafinta Ya Ƙera wa Surukinsa

Ƙarfe bakwai saura na safe, Sista tana tsaye tana goge farar rigarta ta aiki, Bebi kuma ta durƙusa tana leƙen ƙarƙashin kujera, tana neman takalminta ɗaya na makaranta.

"Momi, wallahi a nan na ajiye shi jiya!"

"To ai sai ki jira ya dawo, tunda ƙafa gare shi," in ji Sista ba tare da ta ɗago ba.

Dogo kafinta ya fito daga ɗaki yana dariya, takalmin a hannunsa. "Ga ɓarawon, na kama shi a bayan ƙofa yana shirin gudu."

"Tanki yu, Dadi!"

Shekara tara ke nan da aurensu. Dogo Musulmi ne, Sista kuwa Kirista ce, daga cikin 'yan gidajen da ba su kai arba'in ba a bayan tsohuwar tasha. A kilinik suka haɗu, ranar da zarto ya yanke masa babban yatsa. Ita ta ɗinke shi, shi kuma ya yi ta komawa wankin ciwo har bayan ciwon ya warke. Mahaifiyarsa, Inna, ta yi ta ja da maganar auren kusan shekara guda, sai da limamin unguwa, wani dattijo, ya zaunar da ita ya ce addini bai hana ba, sannan ta sakko. A hankali ta saba. Duk ranar Asabar Sista ce ke zuwa ta auna mata hawan jini, ta jera mata ƙwayoyinta a ƙaramin gwangwani, su yi ta hira.

Dogo ya ɗauki kofin shayi ke nan sai wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne a guruf ɗin unguwa. Wani ne yake magana da ƙarfi har muryarsa tana rawa, wai wani daga cikin masu zuwa coci ya yi kalaman ɓatanci ga addini a shagon gyaran waya. Bai faɗi ko wane ne ba. Bai ce da kunnensa ya ji ba.

Sista ta ajiye dutsen guga. "Baban Bebi, me ake cewa?"

"Surutun banza ne. Kafin azahar an manta."

"Babana fa yana can coci shi kaɗai."

"Zan leƙa shi in na rage aiki. Ki kwantar da hankalinki."

Wannan kalmar, "in na rage aiki", ta daɗe tana cin Dogo a rai.

Mahaifin Sista, wanda kowa ke kira Baba Ticha, tsohon malamin firamare ne. Ya haura saba'in. Tun da matarsa ta rasu ya koma wani ɗaki a jikin cocin, yana share harabar kowace safiya, yana ba furanni ruwa. Rabin magidantan unguwar a hannunsa suka koyi riƙe fensir.

Wajen sha ɗaya Dogo yana goge wata ƙofa a shagonsa, sai ya ga mutane suna gudu, masu shaguna suna ta jan ƙyaure. Ya ɗaga kai, ya hangi baƙin hayaƙi ta wajen tsohuwar tasha. Ya jefar da abin da ke hannunsa ya zura da gudu.

Kafin ya isa an gama. Rufin cocin ya rufta, bencina suna ci da wuta, taron ya watse sai 'yan kallo daga nesa. Baba Ticha yana kwance a bakin ƙofa, tsintsiyarsa a gefe, farar rigarsa ta rine da jini.

"Baba! Baba, ni ne!"

Tsohon ya buɗe ido da ƙyar. "Ɗana... ina tabarau ɗina?"

"Bari wannan, Baba. Su wa suka yi maka haka?"

"Na gane su. Ni na koya musu rubutu." Ya yi tari. "Kada ka tambaye ni sunansu."

Dogo ya tsayar da mai mota, ya ƙi tsayawa. Ya tsayar da na biyu, ya kawar da kai. Sai ya goya surukinsa a baya har kilinik. Sista ce ta tare su a bakin ƙofa. Ba ta yi ihu ba. Ta sa safar hannu, ta shiga wanke raunukan mahaifinta da kanta, tana cewa, "Baba, ka daure, ka daure mini." Ana kiran la'asar ya cika.

Washegari unguwar bayan tasha ta zama kango. Fasto ya tsere da iyalinsa, sauran ma kowa ya kama hanya da abin da ya iya ɗauka. Har mutumin da ke ƙera musu akwatin gawa ya kulle shago ya gudu. Tsofaffin mata uku kaɗai suka rage, waɗanda ba su da ƙafar gudu, ba su kuma da wurin zuwa. A kilinik aka ce wa Sista injin sanyin ɗakin gawa ya lalace, ta zo ta ɗauki gawar mahaifinta kafin yamma.

Ana cikin haka Auta, ƙanwar Dogo, ta kira shi. "Yaya Dogo, Inna tana nemanka yanzu-yanzu. Yaya Babba ma yana nan. Filis, ka bi su a hankali."

Ya sami Inna zaune a bakin gado, carbi a hannu, idonta ya kumbura. Yaya Babba, wansu, mai shagon kayan gini, yana kan kujera yana girgiza ƙafa. A kan tebur akwai farar takarda da biro.

Dogo ya durƙusa ya gaishe su. Yaya Babba bai amsa ba.

"Ka ga takarda nan. Rubuta."

"In rubuta me, Yaya?"

"Kai yaro ne? Saki! Ka sallami 'yar mutane ta bi danginta, ka kawo Bebi nan gidan. Tun jiya ake nuna ni da yatsa a kasuwa, wai ga wan wanda ya goyi kafiri a baya!"

"Yaya, wanda na goya shi ya koya maka lissafin da kake cin abinci da shi."

"Ka ji ko, Inna? Kin ji abin da nake faɗa miki? Ta gama da shi!"

Inna ta ɗago. Muryarta a sanyaye take. "Dogo, ni ban ce yarinyar nan ta yi mini laifi ba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ka dubi garin nan. Jiya coci, gobe gidanka, jibi nan. Ina da jikoki a gidan nan. Ka rufa mana asiri."

"Inna, mahaifinta yana kwance ko binne shi ba a yi ba. A yau zan miƙa mata takarda?"

"Wannan ba matsalarmu ba ce!" Yaya Babba ya daka tsawa. "Su binne abinsu!"

"Su wa? Duk an kore su."

Auta tana raɓe a jikin labule tana share hawaye.

Dogo ya miƙe a hankali. "Inna, ki gafarce ni. Zan je in yi masa akwati."

"Akwati?" Yaya Babba ya zabura. "Da hannun da kake alwala da shi?"

"Da shi."

"Dogo!" Inna ta kira shi, muryarta ta karye. "In ka fita ƙofar nan ka aikata abin nan, kada ka sake tako mini gida. Ban yafe ba, ka ji na faɗa maka, ban yafe ba!"

Ya tsaya a bakin ƙofa. Tun da aka haife shi bai taɓa tsallake maganarta ba. Ya juyo ya dube ta, hawaye yana bin gemunsa, sannan ya sa takalmi ya fita.

Bai rufe ƙofar shago ba, domin ba wuta, kuma yana bukatar haske. Ya jawo katakon da ya daɗe yana ɓoyo don ya yi wa Bebi teburin karatu, ya ɗora a kan benci. Bai nemi awo ba. Shi ya yi wa Baba Ticha gadon da yake kwana a kai, tsawonsa yana kansa. Ya ja layi da fensir, ya kama zarto.

Mai walda, maƙwabcin shagonsa, ya leƙo. Shekara goma sha biyu suna cin abinci a kwano ɗaya.

"Dogo, me nake gani haka? Ka haukace ne?"

"Riƙe mini bakin katakon nan, don Allah."

Mai walda ya dubi titi, ya dubi katakon, ya ja da baya. "Ina da yara, Dogo. Ka yi haƙuri."

Haka ya yi aikin shi kaɗai, yana danne katako da gwiwa, yana buga ƙusa, mutane suna taruwa a tsallaken titi suna kallo. Wani ya yi tofi. Wani ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Da ya gama, ya bi ko'ina da sanfefa har ya yi santsi, kamar yadda yake yi wa kayan amare.

Babu direban da ya yarda ya ɗauka. A amalanken da yake dakon katako suka ɗora Baba Ticha. Dogo yana turawa, Sista tana gefensa da baƙin mayafi, tsofaffin matan nan uku suna biye suna jan ƙafa, suna rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Bebi an kulle ta a gida tare da Auta, wadda ta sato jiki ta zo.

A daidai mahadar kasuwa dutsen farko ya faɗo a kan akwatin, ƙwas! Na biyu ya sami Sista a goshi. Jini ya gangaro mata har ido.

"Maman Bebi!"

"Kada ka tsaya," ta ce tana danne wurin da mayafi. "In ka tsaya ba za mu kai shi ba. Tura kawai."

Maƙabartar Kiristoci tana bayan gari, ba kowa, mai haƙa ma ya gudu. Ƙasar ta yi tauri. Dogo ya haƙa har tafin hannunsa ya fashe, ramin bai kai gwiwa ba. Sai suka ji takun sanda. Dattijon nan ne, limamin unguwa, ya biyo su daga nesa. Ya jingine sandarsa, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki shebur yana kwashe ƙasar da Dogo ya sara. Da aka gama, matan suka yi addu'arsu, shi kuma ya koma gefe ya tsaya har suka idar.

"Ajinmu ɗaya da shi muna yara," abin da ya faɗa ke nan, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Kafin mako ya zagayo an sauke shi daga limanci, wai tsufa ya taɓa masa hankali.

Daga nan duniya ta yi wa Dogo da Sista ƙunci. Wanda ya ba da aikin ƙofa ya aiko aka kwashe katakonsa. Wanda ya ba da aikin kujeru ma ya fasa. Dogo ya wuni a shago daga safe har yamma, ba mai ko yi masa sallama. In ya shiga sahu a masallaci, sai na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa, ya yi salla da fili a kowane gefe.

Shugabar kilinik ta kira Sista ofis, ta kasa haɗa ido da ita. "Sori, Sista, ba daga ni ba ne. Mata sun ce ba za su karɓi allura daga hannunki ba, wai ba su san abin da za ki zuba a ciki ba. Ki ɗan huta a gida tukuna."

"Matan da na karɓi haihuwarsu?"

"Ki yi haƙuri."

Ranar da ta fi kowace ciwo ita ce ranar da Bebi ta dawo makaranta da rana tsaka, an yaga mata jaka, ta tsaya a tsakar ɗaki ba ta kuka.

"Dadi, wai ni rabin kafira ce? Wane rabin ne, na sama ko na ƙasa?"

Dogo ya rungume ta. Sista ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Da safe, bayan ya idar da salla, ya same ta zaune a bakin gado, akwatin kayanta a ɗaure. Ta durƙusa a gabansa, abin da ba ta saba yi ba.

"Baban Bebi, roƙonka zan yi. Ka ba su abin da suke so."

"Me kike faɗa haka?"

"Ka sake ni. Na rasa ubana, na san zafin abin. Ba zan so ka rasa uwarka tana raye saboda ni ba. Kullum ina jin ka kana juyi kana kiran sunanta. Ka kai Bebi wurin Inna, ta yi karatu kamar kowane yaro. Ni zan nemi inda mutanenmu suka tafi."

"Kin gaji da ni ne?"

Ta fashe da kuka. "Ka san ba haka ba ne! Ina son ka har ba na iya kallon yadda kake ƙarewa!"

Ya ɗago ta, ya zaunar da ita. "Saurara. Ranar da na aure ki, a gaban shaidu na karɓi amanarki, kuma Allah yana gani. Ba ki canja ba, ni ma ban canja ba, garin ne ya canja. In na sake ki yau don tsoron mutane, da wane ido zan tsaya gaban Ubangijina? Inna uwata ce, zan bi ta da roƙo har in mutu. Amma ba zan wanke fushinta da zalunci ba. Kwance kayan nan."

Ba a kwance kayan ba. Kwana biyu bayan haka mai gidan da suke haya ya zo, yana sunkuyar da kai, ya ce an yi masa kashedi, ko su tashi ko a ƙona gidan. Suka haɗa abin da mota ɗaya za ta ɗauka. Kafin su wuce Dogo ya je ƙofar gidan Inna, ya yi sallama sau uku. Yana jin tarinta a ciki. Ba a amsa ba.

Garin da suka koma yana da nisan yini guda a mota. Ɗaki ɗaya suka samu a bayan wata ma'aikatar katako, inda Dogo, mai shagon kansa a da, ya koma yaron wani yana yankan katako. Sista ta samu aiki a wani ƙaramin kemis. A can ma ba su tsira duka ba. Wasu daga cikin mutanen cocin da ta shiga suka riƙa yi mata kallon matar waɗanda suka kashe ubanta, har wata ta ce mata a fili, "Ke da kike kwana da su, me ya kawo ki nan?" Ta dawo gida ta yi kukanta, Lahadi ta gaba ta sake shiri, Dogo ya raka ta har bakin ƙofa kamar yadda ya saba.

Duk ranar Juma'a sai ya kira lambar Inna. Ta yi ta ƙara har ta katse. Shekara huɗu yana haka, bai fasa ko sau ɗaya ba. Furfura ta fito masa tun bai kai arba'in da biyar ba.

Wata Talata da hantsi, yana cikin yanka, sai ga kiran Auta.

"Yaya Dogo, Inna ce. Jikin ya yi tsanani, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu. Yaya Babba ya fita yanzu, ta ce in kira ka maza kafin ya dawo."

Ya zauna a kan tarin katako. Ya ji numfashi, sannan wata murya mai nauyi, harshe yana sarƙewa.

"Dogo..."

"Na'am, Inna! Na'am! Ki yafe mini, Inna!"

"Duk kiran da kake yi... ina ji. Tsoro ne ya hana ni. Tsoron mutane." Ta yi haki. "Na yafe maka, duniya da lahira. Kai ne ka yi daidai. Ina yarinyar nan?"

Ya ruga kemis da wayar a kunne, ya miƙa wa Sista.

"'Yata," in ji Inna, "ban zo miki gaisuwar babanki ba. Shekara huɗu abin yana nan a ƙirjina. Ya haƙuri?"

Sista ta zame ta zauna a ƙasa a bayan kanta, tana kuka kamar ranar aka yi rasuwar. "Haƙuri ya zama dole, Inna. Na gode. Na gode, Inna."

"Ki riƙe mini shi. Allah ya yi muku albarka, ku da Bebi."

A ranar Dogo ya hau mota. Suna tsakiyar hanya Auta ta sake kira, yana jin kukanta ya gane. Ya isa washegari, an riga an binne ta. Yaya Babba yana zaune a ƙofar gida cikin masu karɓar gaisuwa. Dogo ya miƙa masa hannu, ya kawar da kai. Sai ya wuce maƙabarta shi kaɗai, Auta ta kwatanta masa wurin, ya durƙusa a gaban sabuwar ƙasa ya yi wa mahaifiyarsa addu'a har rana ta karkata.

A hanyarsa ta zuwa tasha ya bi ta inda cocin yake a da. An share wurin, an mai da shi wurin wankin mota. Ya tambayi wani mai shayi ko an taɓa gano wanda ya yi kalaman ɓatancin nan. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Wane ɓatanci? Oho, wancan? Ai an ce faɗa ne a kan kuɗin gyaran waya."

Dogo bai sake komawa garin ba.

Abin da haƙurinsu ya samo musu ke nan: albarkar uwa a minti uku na waya, da aure da ya tsaya da ƙafarsa, da 'ya da ta tashi tana ganin uwarta da ubanta kowa yana ibadarsa ba mai wulaƙanta wani. Ba kaɗan ba ne, amma bai dawo da Baba Ticha ba, bai dawo da shekara huɗun da uwa da ɗa suka yi ba su ga juna ba. Duk wanda aka turo wa magana a kan mutanen da ba addininsu ɗaya ba, ya tsaya ya bincika kafin ya tura wa na gaba, ya kuma tuna cewa ƙarancin mutane ba ya halatta jininsu. Iyaye kuma su ji tsoron Allah fiye da tsoron bakin unguwa, domin da yawa sukan gane gaskiya ne a lokacin da ba sauran ƙarfin da za su tashi su buɗe wa ɗansu ƙofa.